Ɗaurin Talala

A hawa na uku, a Dundee,
inda taga ke kallon kogin Tay
da gadar da jirgin ƙasa ke rarrafe a kanta,
na ƙera wata tsohuwa da hannuna.
Sati biyu ina gyara mata ƙusumbi.
Na ba ta sanda, na ba ta tari,
na sa mata magana ɗaya tak a baki:
"Jikana ya faɗa rijiya. Yi sauri, ɗan nan."

Muka saki wasan ga 'yan gwaji.
Duniya ce ba shinge:
ka ga dutse, hau,
ka ga ƙofa, tura,
zama maƙeri, zama ɓarawo, zama mai kiwon agwagi,
ba mai ce maka kanzil.

Ran Litinin Euan ya juyo mini da kwamfutarsa,
bakinsa cike da biskit.
Cikin mutum ɗari, sha ɗaya suka leƙa rijiyar.
Wani ya yi awa casa'in yana kamun kifi.
Wata ta tara cokula dubu a ɗaki guda,
ta jera su ƙanana zuwa manya, ta ja ƙofa.
Har da wanda ya sace sandar tsohuwar
ya sayar, ya sayi hula.
Ita kuwa tana tsaye, ruwa ya sauka, ruwa ya ɗauke,
"Yi sauri, ɗan nan."

Euan ya ce a gina katanga.
Labari kogi ne, in ji shi,
ka cire masa gaɓa ya zama fadama,
sauro kawai zai haifa.
Morag mai zane ta ajiye alƙalami.
Ta ce mai cokulan nan ta aiko da wasiƙa:
tun rasuwar mijinta ba ta sami wurin da aka ƙyale ta ba
sai ɗakin nan.
Wa zai je ya ce mata ga rijiya can?

Suka dube ni.
Na ce a garinmu akuya ba a ƙulle ta, ba a sake ta,
talala ake mata,
igiya doguwa har ta manta da ita,
sai ta doshi gonar wake ta tuna.
Euan ya ce, to mita nawa?
Na buɗe baki. Ban sani ba.

Da dare, a bas, gilashi na zufa,
na ga saƙon Gwaggo Tasalla a waya.
Kwana tara yana jira ban saurara ba.
Nan ba mai tambayata ina na kwana,
ba mai buga mini ƙofa da asuba.
Abin da na zo nema ke nan, na kuma samu.
Na hau duk tudun da ke bayan garin nan,
na iya gasa burodi iri uku,
ruwan ido ya kai ni ajin koyon iyo.
Awa casa'in? Ni shekara shida na yi a bakin ruwa.

Washegari ban gina katanga ba.
Na sa wa yaron murya a cikin rijiya,
kowace faɗuwar rana tana raguwa.
In an kwana uku, tsohuwar ta daina kira.
Zama kawai take yi a dokin ƙofa,
in ka wuce ta bi ka da ido.
Kifi na nan. Cokula na nan.
Euan ya ce za su zage mu.
Morag ba ta yi mini magana ba har la'asar.

Saƙon minti ɗaya ne da daƙiƙa huɗu.
Rabinsa gaisuwa.
A bayanta ana daka, wani zakara na katse ta.
Ba ta ce yi sauri ba.
Cewa ta yi, Haladu, ya sanyi,
an ce ƙasarku rana ba ta daɗewa.